Yadda ake karɓar mai raunin laka a gida bayan an sallame shi daga asibiti

Ƙanena ya faɗo daga saman motar kaya yana ɗaure tamfol, bayansa ya karye, laka ta taɓu. Yau shekara 11 ke nan bai taka ƙasa ba. Wata uku da dawowarsa gida muka sake komawa asibiti da shi, kuma ba karayar ce ta mayar da mu ba, wani gyambo ne a bayan ƙugunsa wanda dunƙulen hannu zai shige. Mu muka jawo shi da rashin sani. Tun daga nan duk gidan da irin wannan ta samu a unguwarmu ko cikin dangi ni ake aika wa, kuma na shirya ɗakin majinyaci a gidaje sun fi goma. Abin da zan faɗa na ranar sallama ne zuwa watannin farko. Zan riƙa cewa "shi" don sauƙin magana, amma mace ma haka ne.

Abin da ya kamata ku sani game da ciwon kaɗan ne. Laka ita ce igiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya, ita ke kai saƙo tana dawowa da shi. Daga inda ta ji rauni zuwa ƙasa, jiki ba ya jin taɓi ko zafi yadda ya saba, ba ya motsi, mafitsara da hanji ba sa bin umarni, gumi ma yakan ɗauke. In a wuya ne, hannuwa da ƙafafu duka abin ya shafa, wani lokaci har numfashi. In a baya ne, ƙafafu. Ƙashi yana ɗoruwa, amma babu mai ɗorin da hannunsa ke kaiwa ga laka. Wanda lakarsa ba ta yanke gaba ɗaya ba yakan samu wani motsi ya dawo, galibi cikin shekarar farko, saboda haka aikinku shi ne ku tsare jikin da lafiyarsa ko da sauƙin zai zo ya tarar da wurin sauka.

Kayan da za a tanada

Gado mai ƙarfi wanda tsayinsa da katifa ya yi daidai da mazaunin keke, wajen santimita 50. Katifar soso mai tauri, sabuwa, kaurinta kada ya gaza inci 6. Tsohuwar katifa da ta yi rami a tsakiya a ba yara. Akwai katifar iska mai inji da ake sayarwa a shagunan kayan asibiti, tana da kyau, sai dai da an ɗauke wuta takan sace, mutum ya koma kan abu mai tauri cikin dare ba wanda ya sani. In ba ku da sola ko batir, ku tsaya ga soso.

Filo guda 5 ko 6. In babu, a cusa auduga ko tsummokara masu laushi a rigar filo. Zannuwan gado na auduga aƙalla 4, da ledar shimfiɗa da za a sa ƙarƙashin zani, ba a kwantar da fata a kan leda kai tsaye.

Keken guragu (haka ake kiransa a kasuwa, ko da yake ƙanena ya tsani sunan) tare da matashin zama na musamman. Mutane sukan kashe kuɗi a keke su manta matashi, alhali matashin ne ke tsare ɗuwawu. In na asibiti ya fi ƙarfinku, a yanko soso mai tauri mai kaurin inci 4, a ɗinka masa riga, a sa katako siriri a ƙasansa don kada ya lotsa.

Sai ƙananan kaya: safar hannu ta roba kwali guda, man santsi irin K-Y Jelly, robar fitsari da jakarta na ajiya, filasta, sabulu marar ƙamshi, man shafawa, madubin hannu, ma'aunin zafin jiki, na'urar awon hawan jini in raunin a wuya ne ko saman baya, kujerar bayan gida da bokiti, katako mai santsi tsawon ƙafa 2 da rabi na zamewa daga gado zuwa keke, littafi da biro, da waya mai ƙararrawa.

1. Ku koya tun yana asibiti

Kada ku yarda ranar sallama ta zo mutum ɗaya ne kawai ya iya aikin. Ko a Asibitin Ƙashi na Dala yake kwance ko a wani asibitin koyarwa, mutum biyu ko uku daga gida su tsaya a kan nas da likitan fisiyo, wato mai motsa gaɓoɓi, su yi juyi da hannunsu, su zubar da jakar fitsari, su ga yadda ake fitar da bayan gida, su ɗaga shi zuwa keke. Kallo ba ya koyar da wannan. Ku roƙi likita ya rubuta muku a takarda gaɓar da raunin yake, awon jininsa na yau da kullum, ranar canjin robar fitsari, da tsawon lokacin da zai ci gaba da sa abin wuya ko bel ɗin baya. Takardar nan ta zauna a aljihun keke.

2. Ku gyara gidan kafin ya iso

Ɗakin da ya fi kusa da tsakar gida, mai taga da iska, shi za a ba shi, ba ɗakin ƙurya ba. A ja gadon daga bango yadda mutum zai iya tsayawa ta kowane gefe. A auna faɗin keke a auna ƙofa. Ƙofa tana son santimita 80 ko fiye. Dokin ƙofa ko dai a fasa shi ko a yi masa gangara. Ƙa'idar gangara da zan so ku faɗa wa birkila ita ce kowane inci 1 na tudu yana son ƙafa 1 na tsawo, wato dakali mai inci 6 gangararsa ƙafa 6. In kuka bar birkila da idonsa zai yi muku gajeriya mai tsini wadda keke zai tuntsura da baya. A bi hanyar tun daga bakin gado har ƙofar soro, a rufe kwata da katako ko siminti, a dabe inda yashi yake. In gidan haya ne, kafinta ya yi gangarar katako da za a iya ɗaukewa.

Masai na tsuguno ba zai yi ba. In ba ku samu kujerar bayan gida ba, kafinta ya huda kujerar katako mai hannuwa, a naɗe bakin hudar da soso a rufe da leda mai laushi. Na ga an huda kujerar roba da wuƙa mai zafi aka bar bakin da kaifi, ta yanke mutum bai ji ba.

3. Juyi da duba fata

Nan ne gidaje ke faɗuwa, mu ma nan muka faɗi. Mai lafiya ko barci yake yana motsawa, domin jiki yana gaya masa wuri ya gaji. Wannan saƙon ya daina zuwa. Inda ƙashi ya danne fata da katifa, jini ba ya shiga, naman ya fara mutuwa daga ciki, kafin a ga komai a waje an yi nisa.

Ana juya shi kowane awa 2, dare da rana: dama, baya, hagu. A sa ƙararrawa. Lokutan salla suna taimakawa wajen tunawa amma ba su isa ba, tsakanin isha da asuba akwai juyi uku ko huɗu. A makonnin farko, muddin likita bai ce ƙashi ya kama ba, mutum biyu ko uku ke juyi, kai da kafaɗa da ƙugu su tafi tare kamar ana mirgina gungume. Ba a jan mutum a kan zani, ɗagawa ake yi da zanin. Ja yana sale fata.

In an kwantar da shi a gefe, kada ya hau kan ƙashin ƙugu sosai. A karkata shi kaɗan, a tokare bayansa da filo, a sa filo tsakanin gwiwoyi da idon sawu. In a rigingine yake, a sa filo ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta rataya ba ta taɓa katifa, a kuma tokare tafin ƙafa da filo ya tsaya a miƙe, in ba haka ba ƙafar za ta lanƙwashe ƙasa ta ƙage. Kada a bar shi a jingine rabi zaune rabi kwance na tsawon lokaci, wannan zaman ne ke cin bayan ƙugu. A shafa zani da hannu a tabbata babu ninki, babu ɓarɓashin abinci, babu carbi ko murfin biro. Ƙwayar gyaɗa ɗaya ta isa.

Safe da yamma a duba fata da haske mai kyau: bayan ƙugu, ƙasusuwan zama, gefen ƙugu, dunduniya, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa, ƙeya. Takardun asibiti sukan ce a nemi wurin da ya yi ja. A baƙar fata ja ba ya fitowa, shi ya sa muka makara. Ku nemi inda ya fi kewayensa duhu ko ya yi sheƙi, ku taɓa da bayan hannu ku ji ko ya fi zafi, ko ya yi tauri, ko ya yi taushi kamar ruɓaɓɓen tumatir. In an ɗauke nauyi daga wurin minti 30 bai koma daidai ba, to gyambo ya fara. Maganinsa a nan ɗaya ne: kada ya sake kwanciya ko zama a kan wurin sai ya warke, ko da zai kwana bakwai bai hau keke ba. Kada a murza wurin, kada a gasa. Kada a sa zoben roba ko gammo a ƙarƙashi, yana datse jini ne ta kewaye.

In fata ta riga ta buɗe, a wanke da ruwan gishiri, wato lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce da ƙaramin cokali 2 na gishiri, a rufe da bandeji mai tsabta, a nuna wa nas cikin kwana ɗaya ko biyu. Ban da toka, ban da baƙin mai, ban da fasa kafso a barbaɗa. In wurin yana wari, ko ya yi baƙi, ko da zazzaɓi, asibiti a ranar. Kuma gyambo ba ya cikewa da koko kaɗai, yana son ƙwai, wake, kifi, nono, nama gwargwadon hali.

Wanda hannuwansa ke aiki a ba shi madubi ya riƙa duba kansa. Jikinsa ne.

4. Fitsari

Mafi yawa ana sallamar su da roba a jiki. Jakar kullum ta kasance ƙasa da mafitsara amma ba a ƙasa a yashe ba, a rataye ta a jikin gado. A manne robar a cinya da filasta don kada ta fizge, a duba ba ta lanƙwashe ba bayan kowane juyi. A zubar kafin ta cika, a wanke hannu kafin da bayan. A wanke inda robar ta shiga da ruwa da sabulu kullum. Canji yakan kama kusan kowane mako 4, ya danganta da irin robar, kuma ma'aikacin lafiya ne ke yi.

Akwai hanya ta biyu da likitoci suka fi so ga wanda hannunsa ke aiki: a zura roba siririya a zubar da fitsari a cire, kowane awa 4 zuwa 6. Ƙanena a kanta yake yanzu, kuma ciwon mafitsara ya ragu masa ƙwarai. Ku tambaya ko ta dace da naku.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne rage ruwa don kada a wahalar da masu jinya. Majinyacin da kansa yakan yi haka a ɓoye saboda kunya. Mai roba a jiki yana son aƙalla lita 2 a yini, ledar fiya-wata guda 4 ke nan, a lokacin zafi fiye da haka. Fitsari ya zama ruwan ɗorawa mai haske. In ya yi kauri da wari tare da zazzaɓi, rawar ɗari, ko ƙafafu suka ƙara fizga, a kai fitsarin gwaji. Kada a je kemis a sayi maganin da aka sha wancan karon. Batun azumi a yi shi da likita da malami tare, ƙoda ba ta jure ƙishirwa a wannan hali.

5. Bayan gida

Hanji yana koyon lokaci. A zaɓi sa'a ɗaya, kullum ko bayan kwana bibbiyu, kada a canza. Minti 20 zuwa 30 bayan cin abinci ko shan abu mai ɗumi ya fi, lokacin hanji ke motsi da kansa. In zai iya zama, a kan kujera. In ba zai iya ba, a kwance ta gefen hagu a kan leda da tsumma. Wasu ana cusa musu magani ta dubura a jira, wasu sai an sa yatsa da safa da man santsi. Wanne ya dace da shi ya danganta da inda raunin yake, nas ce za ta nuna muku. Kada ya wuce awa guda a kan kujerar. Miyar kuka, kuɓewa, zogale, rama, alayyafo, wake, gwanda, su ke sa abin ya zo da sauƙi. Farar shinkafa da burodi kullum suna ɗaure ciki. Kafin tsarin ya zauna za a yi makonni ana ɓaci a gado. A gyara ba tare da tsaki ko toshe hanci ba, yana kallon fuskarku.

6. Ciwon kan da ba a jira da shi

Wannan na waɗanda rauninsu yake a wuya ko saman baya ne, daga gaɓar da likitoci ke kira T6 zuwa sama. In wani abu yana damun jiki a ƙasa inda ba ya ji, jini yakan hau farat ɗaya. Alamarsa ciwon kai mai sara, gumi a fuska da wuya, toshewar hanci, gani dishi-dishi. Awon jinin irin waɗannan yakan zauna ƙasa, lambar sama wajen 90 zuwa 110, saboda haka 140 a wurinsu hawa ne babba, yana iya kaiwa ga shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa.

Kada a kwantar da shi. A zaunar da shi bayansa a miƙe a sauke ƙafafu, a kwance duk abin da ya matse, bel, tazuge, takalmi. A duba robar fitsari, mafi yawan lokaci ita ce ta lanƙwashe ko ta toshe ko jaka ta cika. In ba ita ba ce, a tuna yaushe rabonsa da bayan gida, a duba fata da farcen ƙafa. In ba a gano dalili ba cikin 'yan mintoci, a tafi asibiti yana zaune, da takardar nan a hannu, domin ba kowane ma'aikaci ne ya taɓa ganin irinsa ba. Na taɓa tsayawa ina roƙo a duba roba ana ƙoƙarin ba mu maganin maleriya.

7. Tashi, keke da motsa gaɓoɓi

Wanda ya daɗe a kwance jiri yake ɗibarsa in an zaunar da shi. A tashe shi a hankali, ya jima a jingine, sannan a sauke ƙafafu. In ya ce duhu yake gani a kan keke, a ja birki a karkata keken baya a ɗaga ƙafafunsa. Wajen sauya wuri, a ja birki, a sa katakon zamewa, mai ɗagawa ya durƙusa da gwiwa ba da baya ba, kuma ba a cicciɓar mutum ta hammata. Zaman farko minti 30 ya isa, a duba fata, a riƙa ƙarawa. Yana kan keke, kowane minti 15 zuwa 30 ya ɗaga kansa da hannu ko ya sunkuya gaba ko gefe na minti ɗaya ko biyu.

Sau biyu a yini a lanƙwasa a miƙe kowace gaɓa sau 10, tun daga yatsu. A hankali, domin ƙashin da ba ya ɗaukar nauyi yana yin rauni, ana iya karya shi ba a sani ba. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, a dakata da motsa ta, kada a matsa, a tafi asibiti. Jini ne mai yiwuwa ya daskare a jijiya.

8. Zafi, sanyi da wuta

A watan Maris da Afrilu jikin da ba ya gumi yana dafuwa. A fesa masa ruwa, a sa jiƙaƙƙen tawul a wuya, a yi fifita, a fitar da shi inuwa. Da hunturu kuma bargo da safa, amma kaskon wuta ya yi nesa da ƙafafunsa. Ruwan wanka a gwada da gwiwar hannu. Kada a ɗora masa kwanon kunu ko kofin shayi a cinya. Ƙarfen keken da ya sha rana ma yana ƙuna.

A nan zan faɗi abin da zai ɓata wa wasu rai. Za a zo muku da mai gashi, da wanzami mai tsaga da ƙaho, da mai ɗorin da ya ce ya tayar da wani a ƙauyensu. Tofi da addu'a da rubutun sha ba sa taɓa fata, ban taɓa hana kowa ba. Amma duk abin da zai ƙona, ya yanka, ko ya ja ƙashin baya, ku ce likita ya hana, ku ɗora mini laifin in kuna so. Baffanmu ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwata a kan wannan.

9. Raba aiki da zaman gida

Abin da ke faruwa a yawancin gidaje shi ne makon farko kowa yana nan, wata na biyu matar ce kaɗai ko uwar. Mutum ɗaya ba zai yi juyin dare da girki da yara ba, zai faɗi. A zauna tun farko a rubuta a littafi: wa ke da daren Litinin, wa ke kai shi asibiti, wa ke sayen safa da roba duk wata. Ɗan'uwan da ke nesa ya ɗauki kuɗin kaya. Mai jinya ta samu yini guda a mako ta je gidansu ko unguwa. Batun tsiraici shi za a tambaya wa yake so ya yi masa. Wani ya fi son ɗan'uwansa a kan matarsa, kuma yana da dalilinsa.

Masu dubiya a sa musu lokaci, bayan la'asar misali, don kada su faɗo a kan lokacin bayan gida. In wani ya tsaya a kansa yana tambayarku "Yaya jikin nasa?", ku ce "Ga shi nan, tambaye shi." Kuɗin cefane ya ci gaba da bi ta hannunsa ko da wani ne ya kawo, yara su ci gaba da neman izininsa. Duk abin da zai iya yi da kansa a bar shi ya yi, ko zai ɗauki awa guda yana sa riga. Innarmu ta sha kuka tana kallon ƙanena yana kokawa da wando, ni kuma ina riƙe da ita. Fushi da shiru za su zo. Amma in ya daina ci, ya daina magana makonni, ko yana cewa gara ya mutu, a gaya wa likita, kada a tsaya ga ba shi haƙuri. Ma'aurata kuma su cire kunya su tambayi likita: mace takan ci gaba da al'ada bayan 'yan watanni har ta ɗauki ciki, maza da dama ma suna samun haihuwa.

Kada a jira ya warke kafin ya fita. Da zarar yana iya awa 2 a kan keke fata lafiya, a shirya fitar farko, ƙofar gida ko masallacin unguwa. A zubar da jaka, a ɗaure ta a ƙafa ƙarƙashin wando, a sa masa takalmi mai faɗi ko da ba ya takawa, a ɗauki ruwan sha da robar ajiya. Wani ya riga ya je ya dubo ko akwai matakala a ƙofar masallacin da inda za a ajiye keke a gefen sahu. In an dawo, a kwantar da shi a duba ɗuwawu da dunduniya kafin a ci abinci.